Daren da Na Zauna a Kan Kafilina

Tun da na dawo ban huta ba. Duk Juma'a in muka taru a ɗakin Malam Ilu a unguwar Utaiƙa, kafin shayi ya tafasa sai wani ya ce, "Haruna, wai da gaske kwana goma sha ɗaya ka yi a kan ruwa?" Da na buɗe baki sai Sale ɗan Damagaram ya katse ni, wai mutumin da bai taɓa shiga Gulbin Maraɗi ya wuce gwiwa ba shi ne yau zai ba su labarin teku. To Sale, na gaji da maimaici. Ga shi na rubuta, ka karanta da kanka, inda ka ga ƙarya ka ja layi.

Ga wanda bai san ni ba, ni direban gida ne a nan Riyad. Shekarata goma sha ɗaya a gidan kafilina Abu Nawwaf, wato maigidan da nake zaune a ƙasar da sunansa, can wajen unguwar Ulaya. Baba nake ce masa, matarsa kuma Mama, kamar yadda kowane direba yake yi. Injiniya ne da ya yi ritaya, ya haura sittin, ga hawan jini. Mutumin kirki ne, bai taɓa wulaƙanta ni ba, amma ba a ce masa a'a. Ko 'ya'yansa in za su musa masa sai sun kewaya ta Makka. Rana tsaka ya ce zai bi wani abokinsa ɗan Oman a jirgin ruwa, irin mai ƙyallen nan da iska ke turawa, daga Maskat har tsibiran Maldib. Gida ya ɗauki kuka, shi kuwa har ya sayi hula.

Saura mako guda Mama ta kira ni ƙofar kicin. Tana daga ciki ina daga waje, ta ce, "Ya Haruna, mun yi magana bai ji ba. Ɗanmu Nawwaf ba zai samu hutu a wurin aiki ba. Kai za ka bi shi. Amana na ba ka, ka dawo min da shi."

Na ce, "Mama, ban fa iya iyo ba."

Ta ce, "Shi ma bai iya ba."

Na ce in sha Allahu. Tsoro ya kama ni sosai, amma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi da ni aka zaɓa. Da na aika wa matata Zulai saƙon murya a Maraɗi, amsarta gajeriya ce: "Mota aka ɗauke ka tuƙi ko kwalekwale? Allah ya tsare. Ka ɗauki yaji."

Baba ya buga min bizar fita da dawowa, muka kama hanya bayan asuba. Mun bi ta Ahsa, daga nan muka shiga titin da ya ratsa hamadar Rubu'ul Hali. Direbobi, ku ji ni da kyau: duk gidan man da kuka gani a hanyar nan ku cika tanki, ko da kun cika a baya kaɗan. Tun ina ƙirga tuddan yashi har na daina. A wata istiraha, wato wurin hutawar matafiya, muka tarar da wani ɗan Sudan mai sayar da wake, ya ji inda za mu, ya dube ni ya dubi Baba, ya ƙara mana cokali guda kyauta, wai ba a san ranar da za mu sake cin abinci a kan ƙasa ba.

A bakin iyakar Oman jami'in kwastan ya zaro ƙunshin kilishina da gwangwanin yaji. Ya tambayi mene ne, na ce abinci ne. Bai yarda ba sai da ya buɗe gwangwanin ya kai hanci. Atishawa bakwai na ƙirga. Abokan aikinsa suna dariya har da riƙe ciki, shi kuwa hawaye na zuba ya miƙo min kayana ya ce, "Yalla, wuce, Allah ya taimaki kifin da zai haɗu da kai."

A Maskat mun kwana biyu a gidan mai jirgin, Salim. Nahuda suke ce masa, wato shugaban jirgi. Baƙi ne kamar ni, gajere, mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya. Gaisuwarsu ta burge ni. Suna zama sai mai gida ya tambaya ko akwai labari, baƙo ya ce babu, ko da gidansa ne ya ƙone. Sai an ci dabino da alawarsu mai maiƙo, an sha gahawa, sannan labarin ya fito. Na ce ashe "ina labari, sai alheri" ba mu kaɗai muke yi ba. In za ka tashi kuma sai a kawo kaskon turare a sa maka a ƙarƙashin riga. Ni ban sani ba na tsuguna a kai, na kusa ƙona wandona.

Da na ga jirgin gabana ya faɗi. Na zaci wani ƙaton abu ne mai bene, ashe tsawonsa bai fi na bas ɗin ma'aikata ba. Mu huɗu ne a ciki: Nahuda Salim, da Biju, wani ɗan Indiya da ya daɗe yana aiki da shi, sai Baba da ni. Kafin a kwance igiya Nahuda ya ba kowa rigar ruwa mai ɗamara, da igiya mai ƙugiyar ƙarfe. Ya ce doka biyu ce kawai. In rana ta faɗi, duk wanda ke waje sai ya maƙala ƙugiyarsa a jikin jirgi, don wanda ya faɗa ruwa da dare ba a samunsa. Ta biyu, dare za a raba shi, kowa ya yi gadin awa uku, kuma mai gadi in ya ga baƙin gajimare ya cinye taurari, ya tashe shi nan take.

Kwana biyun farko ba ni da labari sai na amai. Har kilishin da ban ci ba sai da na ji kamar zan amayar. Biju ya yi ta ɗura min citta da busasshen burodi, a rana ta uku na farka da yunwa irin ta mai azumi. Daga nan tafiya ta yi daɗi. Murhun jirgi lilo yake yi, tukunya a maƙale, ka dafa shinkafa kana rawa. Salla a zaune muke yi, alƙibla kuwa ba ta tsayawa wuri guda, Baba na ta juya waya har Nahuda ya ce masa ya fuskance ta a kabbarar farko, sauran Allah ya san halin da ake ciki. Da safe mukan tsinci kifi mai fukafukai a kan jirgi, ya taso da dare ya faɗo. Sale, na san a nan za ka ja layi, to hotonsa na cikin wayata. Ranar da muka kama ƙaton kifi na gasa shi na barbaɗa yajin Zulai. Biju, wanda yake ganin babu mai cin barkono a duniya sai mutanensu, ya ci ya yi gumi, ya nemi a rubuta masa abin da ake haɗawa.

A dare na shida na tafka abin kunyar. Gadina ne ni kaɗai, Baba ya kwanta da ciwon kai. Can sai na ga taurarin gabas suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, wata iska mai sanyi ta bugo ni, har da ƙanshin ruwan sama. Ku da kuka tashi a gona kun san abin da zuciyar ɗan manomi take yi in ta ji haka. Wallahi murna na fara yi, har na tuna babana yana tsaye a bakin gonarmu yana kallon gabas. Sai daga baya dokar ta faɗo min a rai.

Na sauka ciki, na tsaya a bakin labulen Nahuda. Dattijo ne, yana barci, bai daɗe da kwanciya ba. Na yi sallama a hankali. Shiru. Na yi gyaran murya, na sake sallama. Shiru. Na yi ta uku. To mu dai yadda aka tarbiyyantar da mu, in ka yi sallama uku ba a amsa ba sai ka juya, kuma yaro ba ya taɓa babba yana barci. Shekara goma sha ɗaya in Baba na ƙailula ko ƙofar mota ba na bugawa da ƙarfi. Sai na juya na koma sama, na ce bari in ɗan jira ko zai motsa.

Hadarin bai jira ba. Iska ta cika ƙyallen gaba ɗaya, jirgi ya kwanta a gefe har ruwa na shigowa inda nake zaune. A ciki tukwane suka tashi sama, na ji Baba yana salati. Nahuda ya fito da rarrafe daga shi sai gajeren wando, ya karɓi sitiyari, Biju ya bi igiyoyi yana sassautawa. Ruwan sama yana dukan fuska har ba ka iya buɗe ido. Abin bai fi minti ashirin ba, sai ga taurari sun dawo kamar ba su aka yi ba. Ƙaramin ƙyallen gaba dai ya yage.

Nahuda ya tambaye ni me ya hana ni tashinsa. Na ce na yi sallama har sau uku. Biju ya zube a ƙasa yana dariya. Nahuda bai yi dariya ba. Ya ce, "Ya Haruna, iyayenka sun yi maka tarbiyya, Allah ya saka musu. Amma a jirgin nan babu sallama. Ka kama ƙafata ka ja. In ban tashi ba ka zuba min ruwa. Teku ba ta san kana jin kunyata ba." Na ji kunya ƙwarai, har na kasa cin abincin safe.

Daga ranar na buɗe ido na koyi aikin. Kafin magariba ake rage ƙyalle, ko da sama fes take, don ragewa cikin duhu da iska wahala ce. A ci abinci da sauran rana, a cika fulas da shayi, a ɗaure duk abin da zai iya tashi, har butar alwala. In walƙiya ta yi yawa sai a zuba wayoyi da ƙaramar na'urar nuna hanya a cikin tanda a rufe, wai ƙarfen yana kare su daga tsawa. Mai gadi kuma ba gaba kaɗai yake kallo ba, yana waiwayen inda iska ke fitowa. Dare biyu da suka biyo baya na ja ƙafar Nahuda sau huɗu. Biyu daga ciki hadarin ya bi ta gefe ya wuce, amma kowane karo sai ya dafa kafaɗata ya ce na kyauta. Ɗaya kuma ruwa ne zalla babu iska, muka fito da sabulu muka yi wanka a cikinsa, mu huɗu, dattawa da furfura muna tsalle. Rabona da irin wannan farin ciki tun ina yaro.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa, shi ne Baba da ƙugiyarsa. Rigar yana sawa, amma da Nahuda ya juya baya sai ya cire ƙugiyar, wai shi ba akuya ba ne da za a turke shi. In na ce, "Baba, ƙugiya," sai ya ɗaga min hannu ya ce, "Halas, ya isa, ya Haruna." In na matsa, na yi wa kafilina rashin kunya. In na yi shiru, ga amanar Mama. Gaba kura, baya siyaki. In na kai ƙara wurin Nahuda kuma, na tona wa dattijo asiri a gaban abokinsa.

Dare na tara babban ya zo. Wannan karon ban yi wasa ba, tun daga nesa na hango walƙiya na finciko Nahuda. Mun rage ƙyalle saura ɗan kaɗan, kowa yana waje. Amma wannan ba irin na minti ashirin ba ne. Awa guda, awa biyu, iska na kuka a cikin igiyoyi, raƙuman ruwa suna ɗaga mu suna sakewa. Nahuda na kan sitiyari, Biju ya rarrafa gaba yana gyara wata igiya. Ni da Baba muna zaune muna fuskantar juna, ina karanta duk abin da na haddace tun daga makarantar allo.

Sai wata jarkar man dizal da aka ɗaure a gefen jirgi ta kwance, ta fara bugun katako. Injiniya ba ya iya ganin abu a kwance ya ƙyale. Ina kallo Baba ya kai hannu ya cire ƙugiyarsa, ya miƙe. Na ce, "Baba." Ko waiwaye bai yi ba. Ya ɗora ƙafa ɗaya a waje. Walƙiya ta haska, na ga ruwa ya taso a bayansa ya fi tsawon katangar gidanmu.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na damƙi ɗamarar rigarsa ta baya na fizgo shi da iyakar ƙarfina, ya faɗo ƙasa tim, na haye ƙirjinsa na zauna. Larabcin da na tara shekara goma sha ɗaya ya gudu, Hausa ce ta fito. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ga abin da na ce wa kafilina: "Zauna, don ubanka!" Ruwan ya rufe mu. Da ya janye, jarkar babu ita, wayar ƙarfen da ke gefen jirgi ta lanƙwashe daidai inda ƙafarsa take. Na lalubo ƙugiyarsa na maƙala, kuma ban ɗaga shi ba. Yana ta mutsu-mutsu a ƙarƙashina sai da Nahuda ya ce, "Ya isa, Haruna, bar shi ya yi numfashi."

Kafin asuba iska ta kwanta. Gari ya waye tabarau ɗin Baba ya tafi, wuyan hannunsa ya kumbura, Biju ya naɗe masa. Bai ce min uffan ba. In na miƙa masa shayi ya karɓa yana kallon ruwa. Nahuda ya raɗa min cewa na yi daidai, amma ai ba Nahuda ne ke sabunta min iƙama, wato takardar izinin zama, ba. Na fara lissafin yadda zan gaya wa Zulai in aka buga min fita ba dawowa. Raina ya ɓaci, amma da na dube shi yana zaune da ransa yana hura shayi, sai na ce ko me za a yi a yi.

Rana ta goma sha ɗaya muka hango itatuwan kwakwa. Da na taka ƙasa sai ƙasar ta ci gaba da lilo, na yi tangaɗi na zauna daɓas a gaban jami'an da suka zo duba fasfo. Mutanen tsibirin Musulmi ne, masu fara'a, marasa hayaniya. Titunansu farin yashi ne, mata suna share shi da asuba kamar tsakar gida. Karin kumallonsu kifi ne da kwakwa da albasa da barkono, a ci da wata siririyar gurasa. In an gama sai a kawo wani ɗan itace a yayyanka a tauna da ganye, shi ne goronsu. Na gwada, bakina ya mutu har azahar, limamin da ya ba ni yana ta dariya. Kwana uku muka yi, na yi barci a gadon da ba ya motsi, na ci na ƙoshi. Baba ya yi hira da kowa a tsibirin nan, har da masu gyaran raga, ban da ni.

Muka yi sallama da Nahuda da Biju, na bar wa Biju sauran yajin. Jirgin sama ya mayar da mu Maskat, muka ɗauki motarmu. Mun wuce iyaka, mun yi nisa cikin yashi, babu abin da ake ji sai ƙarar taya. Can ya ce, "Ya Haruna, ban san yarenku ba, amma na san zagi in na ji shi."

Na ce, "Baba, ka yafe ni."

Sai ya ce, "Rabon da wani ya daka min tsawa tun rasuwar yayana. Shi ma haka yake kayar da ni in na yi taurin kai. Kwana shida ina neman yadda zan yi fushi da kai, na kasa." Na saci kallonsa, na ga yana goge ido da gefen rawaninsa. Nima nawa suka cika, na rage gudu don ba na ganin titi sosai.

Mun iso Riyad bayan isha'i. Mama tana tsaye a bakin ƙofa, abin da ban taɓa gani ba. Ta dubi hannun da aka naɗe, ta dube ni. Kafin in yi magana ya ce mata, "Da ɗanki kika haɗa ni da shi, da kunyata zai ji, da yanzu kina zaman makoki." Ta riƙe hannun rigarsa suka shige, ina jin kukanta daga inda nake sauke kaya.

Ranar Alhamis 'yan'uwansa da abokansa suka cika majalisa, wato ɗakin baƙinsa, don yi masa barka da dawowa. Aka ce Baba na kira. Na ɗauka gawayin turare za a ƙaro, na shiga ina tattare hannun riga. Sai ya nuna min wuri kusa da shi ya ce in zauna. Na ce a'a, nan bakin ƙofa ya ishe ni. Ya ce, "Ka zauna a kan ƙirjina, kujera ce za ka ji wa kunya?" Majalisa ta kwashe da dariya. Ya ba su labarin tun daga jarka har zagin, bai rage komai ba. Sannan ya miƙe, ya karɓi butar gahawa daga hannun ɗansa Nawwaf, ya tsaya a gabana da naɗaɗɗen hannun nan ya zuba min da kansa. Hannun bai warke ba, rabi ya zube min a riga. Na karɓa da hannu biyu na sha.